Inna, Likitar Ba Ta Ba Ni Magani Ba

Zuwa ga mahaifiyata, marigayiya Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ɗiya ga uwa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

"Ki gaya mata ba hanya," in ji Gwaggo Dije. "Faɗi da Turancin naku. Damina guda ta wuce da biki, yaro bai san matarshi ba."

Gwaggo Dije ƙanwar uban mijina ce, ita ta raine shi a Kebbe. Muna zaune a wani ɗaki na asibiti a Kaduna, gaban wata likita 'yar Kudu wadda Hausarta ba ta wuce ta cefane ba. Ni ce mara lafiya, ni ce kuma tafinta. Na juya ƙarar da aka kawo a kaina kalma bayan kalma, ban rage komai ba. Amfanin farko da karatun jami'a ya yi mini ke nan.

Inna, ban taɓa yi miki magana irin wannan ba. Ni ce 'yar fari, kunya ta hana ki zama da ni, ni ma ta hana ni tambaya. Na san wasu mata za su leƙa wannan takarda. Su leƙa, ba komai.

Ni na zaɓi mijina, Malam, kuma ina son sa. Amma duk lokacin da ya kusance ni sai jikina ya ɗaure tamau, ba da nufina ba. Ya yi haƙuri har haƙurin ya zama abin hira a bakin rijiya. Sai dangi suka yanke shawara a kira wanzami ya yi yankan gishiri, wato a sa aska a buɗe abin da suke cewa ya toshe. Na roƙa a bari in ga likita tukuna. Gwaggo ta yarda bisa sharaɗi biyu: ita za ta raka ni, kuma in muka dawo ba magani, a yi na gida.

Likitan mata ya duba ni ya ce babu abin da ya toshe, ya tura ni wannan ɗaki. Ba gado, ba allura, ba warin magani. Kujeru ne kawai da taga. Gwaggo ta duba ko'ina ta ce mini a kunne, "Ina kayan aikin?"

Likitar ta saurare ta har ta gama, ta yi mata godiya, sannan ta roƙe ta ta jira a waje.

"Ni za a fitar?" in ji Gwaggo. "A garinmu mara lafiya ba shi magana gaban mai magani, babba ka yi mishi." Ta fita dai, tana gyara mayafi kamar wadda aka kora daga gidan suna.

Aka bar ni daga ni sai likitar. Na yi jarrabawa gaban farfesoshi ban ji abin da na ji a kujerar nan ba. Likitar ta ce abin da na faɗa a ɗakin ba zai fita ba sai da izinina, ba za ta taɓa ni ba, kuma tambayar da ban so ba ina iya ƙin amsawa. Ta fara da barci da cin abinci da gidanmu na Tambuwal. Ina ba ta amsa a tsare, cikin Turanci mai kyau, ina jin daɗin yadda nake ɓoyewa a bayansa. Ta lura, ta ci gaba da tambayoyinta.

Sai ta tambaye ni me aka gaya mini game da aure kafin a kai ni. Na yi dariya. Na ce an gaya mini in yi haƙuri, in yi turare, kada in kira sunansa. Ta ce to, me na gani?

Inna, kin tuna Yaya Rabi, ɗiyar yayarki ta Sanyinna? Na zo hutun makaranta lokacin kaka, muka je gaishe su. Da hantsi ne. Na ji ihu a bayan ɗaki na leƙa, na ga mata sun danne ta a kan tabarma, na ga ƙwarya da ruwan da ya koma ja. Bayan haka fitsari bai ƙara tsaya mata ba. Mijin da aka yi aikin dominsa ya sake ta kafin wata kakar, ta koma zama bayan rumbu don kada a ji warinta. Ranar nan kin ja hannuna da ƙarfi kika ce, "Ba ki ga komai ba." Na bi umarninki, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na faɗe shi a ɗakin nan, kuma da na zo wurin ƙwaryar Turancin ya gudu ya bar ni, da Hausa na ƙarasa. Ban san nawa ta fahimta ba. Ta miƙo mini ruwa, ta jira.

Ta ce ba iska ba ce, ba taurin kai ba ne, ba kuma boko ne ya lalata ni ba. Tsoro ne ya zauna a jiki, jikin yana kare kansa. Ta ce ana warkewa, amma a hankali. Zan riƙa zuwa kowane mako, mu yi magana, ta koya mini yadda zan saki jikina, daga baya Malam ma ya zo. Ta ce aska ba abin da za ta ƙara sai tsoron, in ma ba ta bar ni kamar Rabi ba.

Na ce ta ba ni kwalba, ko da ruwa ne mai launi. Na bayyana mata cewa a wurinmu ba a dawowa daga mai magani hannu rabbana, wanda ya dawo haka ba a yi masa komai ba ke nan. Ta ƙi. Ta ce kwalbar za ta ƙare a ce ba ta yi aiki ba, askar kuma tana nan tana jira. Gaskiya ta faɗa, kuma a lokacin na tsane ta saboda ita.

Da izinina ta kira Gwaggo ta yi mata bayani, ni ina juyawa.

"Magana?" in ji Gwaggo. "Mun baro magana cike da Kebbe, munka hau jirgi munka zo neman magana?"

Daga Kaduna har Gusau, daga Gusau har Sakkwato, ba ta ƙara ce mini komai ba sai in lokacin salla ya yi.

Washegarin da muka iso Kebbe, da safe, na ga wanzami zaune a zaure da zabirarsa. An ɗora ruwan zafi. An shimfiɗa tabarma a bayan ɗaki, mata biyu na maƙwabta sun shigo ba sa kallon idona. Gwaggo ta kama hannuna, kuma wallahi ba mugunta a fuskarta.

"Ɗiyata, tausayinki nika ji. Ni ma an yi mini, ga ni. Ki rufe ido, yanzu a gama."

Na zare hannuna na nufi turakar Malam, da rana, surukai suna kallo. Na ji wata ta ce, "A'uzubillahi." Na same shi zaune da littattafan 'yan makarantarsa a cinya, ba ya duba ko ɗaya. Na gaya masa komai, har Rabi. Ban taɓa yi masa magana mai tsawon haka ba.

"Ni na ɗauka ni ne ba ki so," ya ce.

"Da ba na so da ban je Kaduna ba."

"Ni ma za ta tambaye ni?"

"Za ta tambaye ka."

"Mace?"

"Mace."

Ya ajiye littattafan a gefe. "Gwaggo ta raine ni," ya ce.

"Na sani, Malam. Ban ce ka bar ta ba. Cewa na yi ba za a yanka ni ba. Zan koma Kaduna in zauna wurin ƙawata, in riƙa zuwa asibitin."

Ya tashi ya fita zaure. Na ji shi yana ba wanzami haƙuri da ƙaramar murya, kamar shi ne mai laifi. Da ya dawo ya ce in an ba da hutun makaranta zai gani. Ban san ko alkawari ne ko sallama ba, kuma ban tambaya ba.

Gwaggo ta tsaya a tsakar gida ta ce in na fita, ba da yawunta ba, kuma ita ba ta san amaryar da ke barin ɗaki ta tafi hira wata ƙasa a ci gaba da kiranta matar aure ba. Na durƙusa na gaishe ta. Ta kau da kai.

Inna, ban riƙe ki da komai ba. Kin ja hannuna ranar nan ne don abin da kike da shi ke nan na kare ni. Allah ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya jiƙan Rabi a inda take, ya ba Malam ƙarfin zuciya, ni kuma ya ba ni lafiya ko da shi ko ba shi.

Gwaggo da kanta ta tura ƙyauren zaure a bayana, na ji sakata ta faɗa, a gidan da ba a rufe ƙofa sai an yi isha. Na ɗora akwatina a ka, na nufi inda motar Tambuwal ke lodi, daga can in kama hanyar Kaduna.

Ɗiyarki,
Balkisu