Matajin da Kika Aiko

Daga Kulu dillaliya a Sakkwato, zuwa ga aminiyata Habsatu, matar Malam Umaru mai fatu, a birnin Kano. Gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci. Ina fatan kun sauka lafiya, kun saba da ruwan garin.

Bayan haka, na sani ba ke za ki karanta takardar ga ba. Malamin ƙofar gida za ki kai wa, ya ɗaga murya kowa ya ji. To, su ji. Abin da ke ciki duk unguwarmu ta riga ta sani.

Wata uku ke nan da kuka ɗora wa jakuna kaya, don an ce jirgin ƙasa ya iso Kano kuma can Nasara ke sayen fatar jar akuya. Ban ga laifin Malam ba. Ni ma da ƙafata ba ta da nauyin yara uku, da na taho na ga wanga jirgi da ke tafiya ba doki ba jaki.

Gidanku wasu baƙi sun shiga. Mutanen kirki ne, amma abin da suka fara yi shi ne liƙe wurin nan da katanga ta zube, inda muke miƙa wa juna wuta da daddawa da yara. Har yau nakan ɗauko akushi in nufi wurin, sai in ga sabon yaɓe, in yi kamar kaji na taho kora.

Ɗana Sani ya yi kukan rashin ɗanki kwana huɗu, ranar ta biyar ya samu abokin langa. Na goye bai san an yi ba. Ɗiyarki ce maganar.

Kin san halin ɗiyar fari. Ni na haife ta, amma shekara tara ban kama sunanta ba, ban ɗora ta cinya gaban mutane ba. In ta yi abin kirki, in kau da kai. Ke take kira Inna, ni kuwa Yaya, kamar wata baƙuwa da ta zo biki ta ƙi tafiya. Ban taɓa jin nauyin haka ba, domin kina bayan katanga. Duk Alhamis takan zauna tsakanin ƙafafunki ki yi mata kitso, ta zazzage maki cikinta, ke kuma da la'asar ki miƙo mani labarin tare da bakin wuta. Da bakinki na san tana tsoron rijiya. Da bakinki ta ji cewa na yaba zaren da ta kaɗa.

Kitson da kika yi mata ranar jajibirin tafiyarku, shi ta riƙe. Ta hana kowa taɓa shi. Wata ɗaya, wata biyu, kai ya cukurkuɗe, ƙwarƙwata ta samu gari. Na kai ta wurin makitsiya biyu, ta ciji ɗaya. Sannan wani bafatake da nake sayen yadin akoko hannunsa ya ja ni gefe a kasuwa, ya ce wata yarinya ta tambaye shi kwana nawa ne zuwa Kano a ƙafa. Ya kwatanta ta, har zanen. Habsatu, ni da ke sayar wa matar attajiri saƙin bara in ce yau ya sauka daga masaƙa, ranar nan ko cinikin ban ƙarasa ba na nufo gida.

Iya, uwar maigida, ta yanke hukunci: kafin Salla a kira wanzami a aske kan. Ta ce gashi ne, zai fito. Gaskiya ta faɗi. Amma ni na san in aska ta hau kan nan, yarinyar za ta bi hanyar gabas, ko da ƙafa ko da zuci.

Sai na yi abin da na iya. Na ɗauko wani matajin katako daga cikin kayan dillancina, na naɗe shi a ƙyalle, na shigo gida ina ɗaga murya, wai fatake sun taho da saƙo daga Kano. Na ce Innarki ta aiko, ta ce a tsefe kan nan da wanga mataji, kuma kada wanda ya taɓa sai Yaya. Kin ga na sa ki magana kina can ba ki sani ba. Ki yafe, ai kin saba.

Ta dubi matajin, ta dube ni. Ta taho ta zauna.

Ban taɓa sanin kanta na da ɗumi haka ba. Tun hantsi har azahar ina tsifa da man shanu. Matan gida suna wucewa suna tari. Iya ta tsaya ta ce, yau kunya ta yi ƙaura ita ma? Na ce, Iya, aike ne, ba a ƙin aike. Kitson da na yi kuwa, kada ki tambaya. Layi ɗaya ya nufi ƙauyen Kwalkwalawa, ɗaya ya nufi gulbi. Amma wajen layi na uku ta fara magana, ba ta juyo ba. Ta ce yaran sabbin maƙwabta sun ce kanta na wari. Ta ce takan manta muryarki sai ta rufe ido. Na ce ni ma.

Da niyyata in roƙe ki, in kin aiko amsa ki ce lalle ke kika aiko da mataji, don asirina ya rufu. Ba sauran bukata. Alhamis da ta wuce ita ta kawo shi da kanta, ta zauna, ta ce: Yaya, ai tun bara nake ganin matajin ga cikin kwandonki, haƙorinsa ɗaya a karye, shi ya sa ba wanda ya saya.

Kin ji ɗiyar da kika rena mani. Ta san kayan na bara ne, ta saya.

Saboda haka kada ki sa damuwa a ranki. Ina kewarki, ba zan ɓoye ba, amma gida na tsaye. Gaban mutane har yanzu ina kau da kai, ban zubar da mutuncina duka ba. Ranar Alhamis dai tawa ce. Ki aiko mata da shuni mai kyau, na gaske wannan karon, ki kuma kwatanta mani yadda kike fitar da tsaga ta miƙe.

Allah ya sa Kano ta karɓe ku, ya buɗa wa Malam kasuwa, ya raya mana yaranmu, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Sani na gaida abokinsa. Iya na gaisuwa, ta ce ke kika lalata ni.

Ɗiyar tamu Rakiya ma na gaishe ki. Malam mai karatu, sake faɗin sunan da ƙarfi, sauran takardar rubuta mani aka yi, amma shi ni na rubuta shi da hannuna.

Taki har kullum,
Kulu. Wassalam.