Babban Yatsan Tonton Dossou

Lahadi, 2 ga Maris
Yau ma mun buga kartar caca ta foka a farfajiyar Maman Reine da ke unguwar Akpakpa, bayan an taso coci. Tonton Dossou ne ya fara fita daga wasan, kuɗinsa sun ƙare, kuma ni na fitar da shi. Aminin marigayi babana, wanda ya koya mini riƙe karta tun ina sa rigar makaranta. Na ci wasa, amma soyayyen kifin da aka kawo ko ɗanɗanonsa ban ji ba.

Talata, 4 ga Maris
Na kai shi asibiti gashin hannu, kamar yadda na saba tun da ɓarin jikinsa ya shanye bara. A can na lura da abin: in hankalinsa ya tashi, babban yatsansa na hagu sai ya kama rawa. Wurin wasa yana ɓoye hannun a cinya, amma gefen zanin tebur yana motsi. In zani ya motsa, burga yake yi, ba shi da komai. Ni kaɗai na sani, don ni kaɗai ya yarda in ga hannun nan. Da shi kuma nake cin sa. Kunya ta ishe ni.

Lahadi, 9 ga Maris
Na rantse ba zan kalli zanin ba. Na kalla. Ya sake fita farko.

Alhamis, 13 ga Maris
Dokar gidan Maman Reine ba ta san tsoho ba: wanda ya fara fita Lahadi uku a jere, ya bar kujera ga masu jira. Tasa ita ce ta gindin mangwaro, yana kanta tun kafin a haife ni. Gbaguidi mai sayar da tayar mota har ya fara yi masa tsiya: "Tsoho, ka sa a goge min ita, ƙanina na tafe." Tonton ya yi dariya. Ban da gidan nan da asibiti ba inda yake zuwa.

Lahadi, 16 ga Maris
As biyu, manyan karta, suka zo mini, hannun da babu na gaba da shi. Na ƙara kuɗi, kowa ya janye, sai Tonton. Ya dube ni, ya tura duk abin da ke gabansa. Zani na ta motsi. In na bi, ya tafi ke nan. Gbaguidi yana ta "ke muke jira, malama." Na kife kartata na tura wa Maman Reine mai rabawa, na ce ba ni da komai.
Gbaguidi ne ya fara fita. Na dawo gida ina jin na yi abin kirki.

Talata, 18 ga Maris
Na kai Tonton asibiti. A bakin ƙofa ya ce: "Sènami, tun kina yarinya in kika samu babban hannu kike daina kaɗa ƙafa. Ranar Lahadi ƙafarki ta tsaya cak." Na ce Tonton... Ya ce, "As ne ko sarakuna?" Na faɗa masa. Ya ce da na ci shi, da ya tashi a matsayin ɗan wasa. "Yanzu kin mai da ni majinyaci har a teburina."
Maganar yatsan ma na faɗa. Ya ce ya daɗe da sanin na sani.

Lahadi, 23 ga Maris
Tonton ya aika a ba ƙanin Gbaguidi kujerar. Ban iya duban gindin mangwaron ba.

Alhamis, 27 ga Maris
Na kai masa magani. Na tarar ya shimfiɗa karta a baranda, da kwanon gyaɗa ya raba biyu. "Zauna." Hannun hagun yana bisa tebur, a fili, ba zani.
Can na samu sarakuna biyu. Na dinga kaɗa ƙafa da gangan. Ya turo gyaɗarsa duka, yatsan na rawa. Ban yi wata-wata ba na bi, na kwashe tas.
Ya leƙa ƙafata ƙarƙashin tebur, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ja'ira. Raba karta."
Na cinye gyaɗar a gabansa, ko ɗaya ban ba shi ba. Ina jin ranar Lahadi gidansa zan je, ba Akpakpa ba.