Fiƙar Bahago

Tuda 'yata,

Assalamu alaikum. Ya jikinki, ya Idir da yara, ya zafin Marrakesh? Mu nan sanyi ya fara sauka daga dutse.

Turaren da kika aiko ya iso. Kin ce da saiwar furen sausan irin wadda muke busarwa ake yinsa. Gwaggonki Hadda ta fesa a wuya, wai kamar hodar amare, wai kuma kamar ƙasa mai sanyi da aka tono karas. Ta ce, "Ijja, shekara talatin muna fere saiwar nan kamar jakuna, ashe ga inda take zuwa yin gayu!" Na yi dariya don ta yi.

Tuda, ni ban ji komai ba. Tun rasuwar babanki hancina ya mutu. Ko na'a-na'ar shayi ba na ji. Ban faɗa wa kowa ba sai ke.

Ga damuwar. Kin san saiwa ba ta ƙamshi sai ta shekara uku a bushe, kuma babanki bai taɓa sa wa buhu alama ba, buhunan kowace shekara da bangon da ake jera su a ɗakin ajiya. To ranar zaman makoki maza suka kwashe buhunan don a sami wurin baƙi, suka jibge su wuri ɗaya. Si Lahsen mai saye zai zo ran Laraba, ta shekara uku kaɗai yake ɗauka. In ya tarar da ɗanya a ciki ba zai sake taka gidan nan ba, haka ya yi wa gidan Bassu. Kowa kuma ni yake jira, wai ai Ijja hanci ce.

Ina zaune dai ina kallon buhunan.

Ki gaishe da yara.
Mamarki, Ijja

Tuda,

Sallama. Da fatan tarin ƙaramin ya yi sauƙi. Kar ki taso, an gama.

Ran Talata na zazzage buhu ɗaya a tabarma, ina ta kai saiwa hanci don Hadda tana kallo. Ta ce, "Ke tsohuwa, shinshina kike ko sumba?" Ina jujjuya ɗaya a hannu sai na ga fiƙar wuƙar ta karkace ta ɗaya gefen. Bahago ne ya fere ta. A gidan nan babanki ne kaɗai bahago, kuma shekara biyun ƙarshen nan da hannunsa ya shanye bai riƙe wuƙa ba. Ashe duk buhun da ke da irin fiƙarsa ya cika shekara uku.

Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya. Buhu huɗu suka fita.

Ran Laraba Si Lahsen ya zo, ya zura hannu har ƙasa, ya shinshina, ya ce, "Lalla Ijja, Allah ya bar miki hancin nan." Na ce amin. Ya ɗora a mota ya tafi.

Ban yi kuka ba, kar ki damu. Da rana na koma na zazzage sauran buhunan, ban san dalili ba. Na duba duka. Fiƙata ce da ta Hadda, babu tasa ko guda ɗaya.

Allah ya yi miki albarka.
Mamarki, Ijja