Taswirar Gidan Bautarku da Ta Tsare Ni a Yamai

Zuwa ga aminina Raman, injiniyan ruwa,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali, can Indiya. Ni ne Isufu, mai zana maka magudanai a gonakin shinkafa na Saga. Na san wasu za su buɗe takardar nan kafin ta iso ka. Su ma ina gaishe su.

Ka tuna ranar da kogi ya ja baya har injin ya kasa ɗebo ruwa, muka zauna ba aiki? Kewar gida ta kama ka, ka karɓi fensirina ka zana mini gidan bautar Hindu na garinku. Katanga cikin katanga har uku, ƙofa huɗu, kowace da hasumiyar dutse da aka sassaƙe da siffofi daga ƙasa har sama. Ka ce wani sarkinku na dā ya gina shi bayan fari irin namu, ya haƙa tafki mai matakala a gefe, don a yi wanka kafin a shiga.

A tsakiya ka sa ɗigo. Ka ce nan abin bautarku yake, a ɗan ɗaki marar taga, mai hidimarsa kaɗai ke shiga da fitila. "Mahaifa muke ce masa," in ji ka, "duk girman ginin nan dominsa ne." Sai ka ja kibiyoyi, ka nuna yadda kuke kewaya shi yana hannun damanku. Na ce mu a hagu muke sa Ka'aba, ke nan ko a kewaye ba za mu jera ba. Ka yi dariya har da tari. Bautarku ba tawa ba ce, ka sani, amma zanen ya burge ni, na adana shi a teburina.

Bayan tafiyarka aka ce wasu sun yi yunƙurin juyin mulki. Sojoji suka birkice biro ɗinmu, wato ofis, suka sami zanen, suka kama ni. Raman, me soja zai gani? Katangu, ƙofofi, hasumiyoyin gadi, kibiyoyi, da ɗigo a tsakiya. Bariki suka gani, da ɗakin maigidansu. Kai kuwa, don son tsabtar aiki, ko harafi ɗaya ba ka rubuta a jiki ba!

Sun sake ni, amma sun riƙe katin shaidata. Kowace safiya sai na je kwamisariya, wurin 'yan sanda, na sa hannu. Ko gadar Harobanda ban isa in haye ba. Nakan tsaya a tashar Wadata in kalli motocin Damagaram suna lodi, sannan in koma gida. Na gaji, ɗan'uwa, wallahi na gaji.

Inna tana can Damagaram kwance. Farin nan ya kashe awakinta, ya cinye ƙarfinta. Sau uku tana aiko direba ya ce in zo, na ukun kuwa ba ta ce in riƙo komai ba.

Kumandan sojojin ya ce kafin ya mayar mini da katin, in kawo shaidar cewa ginin nan yana duniya. Ina roƙonka, ka sami mai hoto ya hau wuri mai tsawo, ƙofofin nan huɗu su fito duka, da tafkin. Ka yi sauri. In kuwa ka ji Inna ta riga hoton, ka dai turo. Zan so in ga abin da ya hana ni binne ta.

Allah Ya saukar mana da ruwa, Ya buɗe hanya, Ya tsare ka da naka.

Naka wanda bai daina ƙaunarka ba,
Isufu, Yamai