Moton da Bai Tsaya Gindin Gawo Ba

Tungar Gawo, kusa da Tabla
Talata, bayan an gama yankan gero

Takarda ta hito daga Habsa zuwa ga ɗana na fari, malamin allura na likitar Filinge, wato asibiti. Dodo tsohon soja ne ke rubuta min, ni ban san baƙi ba. Sunanka shi yas sa a bayan takarda, ba daga bakina ya hito ba, ka san uwa ba ta kiran ɗan fari.

Gaisuwa mai yawa. Ina Dijatu da yara? Mu nan lahiya lau, in ka cire kunya.

Ina son ka ji abin da kab bari bayanka ran Lahadi, tunda ba ka tsaya ka gani ba.

Shekara ukku kana zuwa garin ga bisa ƙaramin motonka, mobileti, wanda ke kuka awa sauro. Kullum in ka kawo bakin rairayin gabas sai ka sauka daidai kalgo, ka turo shi da ƙahwa har gindin gawo inda tsohhi ke zama, ka durƙusa ka gaishe su. Haka anka san mai doki tun kakanni, shi sauka nesa da manya. Ana ce ma yara, ku dubi ɗan Habsa, ya yi lakwal ta boko, shina cin albashin Nasara, amma bai taɓa shigowa kan mutane bisa abin hawa ba.

Ran Lahadi Baba Magagi, wan ubanka, shina da baƙi ukku daga Bonkuku. Da anka ji ƙara daga nesa yac ce musu, "Ɗana ne. Ku zuba ido, daidai kalgon can za shi sauka." Yat tashi tsaye da gwiwarshi mai ciwo, yam miƙa hannu biyu. Sai ga ka bisa wani baƙin abu awa maraƙi. Kaw wuce kalgo, kaw wuce gawo, kaw wuce hannun Baba Magagi, kab bar mishi ƙura har cikin gemu. Hularshi ta hwaɗi ƙasa, ɗaya cikin baƙin ne yad ɗauko mishi. Ba ka tsaya ba sai cikin dangar Rabi maƙwabciyata, kak kashe mata randa biyu.

Daga nan kaz zo ƙohwar ɗakina kad durƙusa, kai sunkuye, ko ruwa ba ka sha ba, kab bi ta bayan gari kat tahi. Tsohon nan ya zauna gindin gawo har magariba shina jiran ka dawo ka ce wani abu. Jiya bai hito ba. Wai gwiwa ce.

Ni ma kwana biyu ban je rijiya ba.

Dodo ya ce in sassauta magana. Na ce mishi rubutu nika so, ba shawara ba.

An ce aro ne, wai kana son ka saye shi. Mai da ma mai shi. Ƙaramin bai taɓa zubda mu ba. Ka hau shi ka zo ka ba wan ubanka haƙuri.

Allah shi shirye ka. Ka gaida Dijatu.
Uwarka, Habsa


Filinge, 28 ga Oktoba 1957

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa da ladabi da biyayya, ina fatan takardar nan ta iske ki lafiya, ke da Baba Magagi da mutanen gari duka. Ina gaida Baba Dodo da aikin alƙalami. Dijatu na gaishe ki.

Takardarki ta iso ta hannun direban kamyon kasuwa. Duk abin da kika ce haka aka yi.

Moton na wani akawun biro ne, wato ofis, ɗan Dahome. An maida shi ƙasarsu, tsakiyar wata mai kamawa zai tashi. Ya ce in ba shi mobiletina da ɗan abin da na tara, ya bar mini babban, kuma ya ba ni in gwada shi. Abin da ya faru shi ne, birkin ƙaramin duk a hannu yake. Da na hango Baba Magagi tsaye na matse hannun hagu kamar yadda na saba. Ashe a babban wannan ba birki ba ne, birkinsa na ƙafa. Ya yi ƙara, na tsorata na saki, ya zabura. Na ga hannun Baba ya wuce ta gefen fuskata, ban iya komai ba.

Wannan ita ce mai sauƙin faɗi. Akwai wadda ta fi ta nauyi, ita ta hana ni komawa gindin gawo.

Inna, ban taɓa sauka daidai kalgo don ladabi ba. Ƙaramin ba ya iya rairayin nan, daidai wurin yake nutsewa ya mutu. Ranar farko na sauka ina zaginsa a raina, na turo shi ina gumi, sai na ji Baba Magagi yana cewa, "Madalla da ɗan halas." Ban gyara masa ba. Shekara uku ina durƙusawa ina karɓar albarkar da ba ni na yi aikinta ba. Rana ɗaya da na samu abin da ke iya wuce rairayi, kowa ya ga yadda aka yi.

Na mayar wa akawun motonsa, na ce ya ba ni lokaci. Ina ganin ba zan saya ba. Amma kada a sa ido gare ni kwanan nan. Ba ni da fuskar da zan shigo garin da ita. Sai babbar salla, in magana ta kwanta.

Ki yafe mini. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.
Ɗanki, Sahabi


Tungar Gawo, Asabar

Daga Habsa zuwa ga mai moto. Dodo ke rubutu. Gaisuwa, da tambayar lahiyar yara.

Ka ɗauka ban sani ba? Tun shekarar hwarko nig gan ka daga gona. Can bayan gari, inda babu kowa sai awaki, ka sauka kana turi kana shurin abin da ƙahwa. Awaki kake ma ladabi? Na sani sarai, kuma ba wadda ta kai ni baza labarin ladabinka a rijiya. Har matar liman na sa ta yi ma ɗiyanta hwaɗa da sunan halinka. To wagga ƙarya tamu ce mu biyu, kar ka ɗauke ta kai ɗai awa wani abin gado.

Baba Magagi ya hito, ya koma gindin gawo. Ba shi maganarka, ba a yi mishi. Rabi kuwa kullum sai ta shigo ta gaishe ni da tsingaron randa a hannu.

Abu ɗaya ne ban gane ba. Kai ba mai son a gan ka ba ne, tun kana ƙarami in an yi baƙi bayan rumbu kake ɓoyewa. Mi ya kai ka son wagga dabba? Dijatu ce ta matsa? Ko abokan biro ne ke maka dariya? Hwaɗa min gaskiya, tunda ka soma.

Babbar salla kuwa na sa Dodo ya lissahwa, wata takwas. Da nisa.

Allah shi tsare.
Habsa


Filinge, 7 ga Nuwamba 1957

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa da ladabi. Kin tambaya, zan faɗa, ko da yake na so in mutu da ita a ciki. Ba Dijatu ba ce, ba abokai ba ne.

Ranar da Baba mahaifina ya rasu, shekara biyu ke nan, direban kamyo ya iske ni a likita da hantsi, ya ce jiki ya yi tsanani, Baba na kirana. Na ajiye allura na hau nan take. Kafin Bonkuku na sauka sau bakwai ina turi. Bayan Bonkuku ya mutu gaba ɗaya, na ja shi kamar akuyar da ta ƙi kasuwa. Na iso bayan la'asar, na gamu da mutane suna dawowa daga kushewa. Baba Magagi ya riƙe hannuna ya ce da su, "Ku duba, ko yau da ƙafa ya shigo."

Na zo gaishe ki, kina cikin mata. Ba ki dube ni ba. Kika ce da Rabi, "Da jaki gare shi da ya iske ubanshi." Ban san ko kin san ina bakin ƙofa ba. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Dijatu. Kuma gaskiya kika faɗa, na auna hanyar sau da yawa a raina.

Waccan Lahadin da na zo da babban, na bar Filinge da hantsi na iso kafin azahar, ban sauka ko sau ɗaya ba. Abin da na zo gwadawa ke nan.

Kuma da na durƙusa ƙofarki kaina ƙasa, ba abin da nake gani sai ƙafafunki. Sun kumbura har ƙwauri, igiyar takalmi ta nutse a ciki. Aikina ne, Inna, na san irin wannan kumburi. Ba kunya kaɗai ta hana ki rijiya ba.

Ban so a sake aiko mini in iso bayan la'asar. Iyakar dalilin ke nan. Amma na ga abin da ya jawo miki da Baba Magagi, kuma kin hana. Akawun zai tashi Asabar ta sama, wani ɗan kasuwa ya riga ya taya. Na bar masa.

Ga ƙwayoyi na ba direba, ɗaya da safe. Ki rage gishiri da kanwa, ki riƙa ɗora ƙafa bisa turmi in kin zauna.

Allah ya ba ki lafiya.
Ɗanki, Sahabi


Tungar Gawo, Talata

Daga Habsa zuwa ga ɗana. Dodo ke rubutu. Gaisuwa gare ka da Dijatu da yara.

Dodo ya karanta min takardarka. Ya so shi maimaita, nic ce na ji.

Maganar jaki na hwaɗe ta. Na san kana bakin ƙohwa, don ka ji niy yi. Ubanka ya kira sunanka tun asuba har azahar. Ni ina zaune gehenshi, ba ni iya kama sunan in ce mishi kana hanya. Haushi ya cika ni, ban sami inda zan zuba shi ba sai kanka, kai da kas sha rana kana jan ƙarhe. Shekara biyu ina yabon ka a rijiya, na ɗauka yabon ya goge. Ashe kana ɗauke da ita har ta kai ka cikin dangar Rabi. Yau na hi ka jin kunya, kuma gaban Dodo, wanda ke ta jan hanci wai mura ce.

Ƙahwahu kuwa ka gani daidai. Ba ni kai babbar salla, kar mu yi ma juna wata ƙaryar. Ƙwayoyin ina sha. Kanwa ban bari ba.

Sayi babban. Ni na hana, ni ce kuma nic ce ka saya, kahin Asabar. Direba ya rantse ran Alhamis takardag ga na hannunka. Dodo ya ce ka sami hili bayan likita ka koyi tsayawa sau ɗari kahin ka koyi gudu.

Yanzu ga wanda ke bin wani.

Rabi na bin ka randa biyu da ɗaurin danga. Da hannunka za ka ɗaura, ba aike ba.

Baba Magagi na bin ka sauka. Jiya Rabi ta riƙe ni na je wurinshi, na hwaɗa mishi batun rairayi duka, da cewa na sani tun hwarko. Da yag gama ji yac ce, "To yanzu da shika da abin da ke iya wucewa, sai mu gani." Ka sauka daidai kalgo ka turo shi har gindin gawo. Dodo ya ce nauyinshi ya hi buhu biyu na gero. Madalla. Ka turo.

Kai kuma kana bi na magana ɗaya, kan batun jakin nan. Ba ni sa ta cikin takarda, Dodo ya ji abin da ya ishe shi. Ka zo ran Lahadi ka amsa da kanka.

Amma ranar da anka aiko maka don ni, kar ka sauka ko'ina. Na hwaɗa ma Baba Magagi, ya ce shi da kanshi za shi janye tabarma daga hanya. Ka wuce kalgo, ka wuce gawo, ka tsaya ƙohwar ɗakina. Ka dai bar ma Rabi dangarta.

Allah shi kawo ka lahiya.
Uwarka, Habsa