Tebur na Shida

Stockholm, 9 ga Yuli

Mijina Torvald,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, gwiwar nan ta sassauta, ruwan tsibiri kuma ya yi ɗumin shiga. Ni lafiya lau, sai dai ofis ya zama kufai. Kowa ya tafi hutun bazara, daga ni sai Birger, dattijon da ke binciken inda makaman da gwamnati ta sayar suke ƙarewa.

Ka tambayi abin da ya hana ni zuwa. Ƙawayen ƙasarmu na tsallaken teku sun sayi kayan gyaran na'urar hangen jiragen sama tun Fabrairu. Kayan suna ɗaure a rumbun soja. Takardar izinin fitar da su kuwa sai ta bi tebur bakwai ɗaya bayan ɗaya, mai tebur na huɗu kuma yana kamun kifi a arewa har Agusta. Wata jami'arsu ta bugo mini waya ta ce, "Gunnel, ko za ku roƙi abokan gaba su ma su ɗauki hutu?" Na yi dariya, amma kunya ta rufe ni.

Kwamitin gyaran da aka kafa don rage wannan jinkiri ya ɗora mini aikin nuna teburin da za a soke. Kowa ya zaci na Birger zan nuna, don shi ne sarkin jan ƙafa: sai ya je da kansa ya karanta lambar kowace bindiga. Na bi takardun shekara goma sha ɗaya. Sau tara ya tsayar da ciniki, biyu daga ciki da kayan sun faɗa mugun hannu. Tebur na shida kuwa bai taɓa gyara ko waƙafi ba, sai ƙarin jinkirin mako uku. Ka san mai wannan teburin: ni ce.

Na rubuta a soke shi. Ban shawarce ka ba, ka yafe mini. Shekarata hamsin da takwas, ban san ko za su ba ni wata kujera ba. Amma abin da ido ya gani, ya gani.

Taka,
Gunnel

Stockholm, 2 ga Satumba

Torvald,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan tarin da ka ambata ya wuce. Fushin da ke wasiƙarka ya iso, na karɓa.

Kwamiti ya zauna jiya. Shugaba ya so a haɗa da Birger, wai tsakanin ƙawaye ba a bincike. Na karanta masa labarin cinikin nan biyu dalla-dalla. An bar Birger. Sauran tebura za su riƙa duba takarda lokaci guda, wanda ya tafi hutu kuma dole ya bar mataimaki mai ikon sa hannu. Nawa an soke, ba wanda ya yi gardama, kuma hakan ya ɗan sosa mini rai.

Da muka fito shan kofi Birger ya harare ni ya ce, "Yarinya, shekara ashirin ina koya miki aiki, ashe korar kanki kika koya?" Sai ya turo mini rabin burodinsa mai kirfa, ya kau da kai.

Ba a ba ni wani aiki ba. Ranar Juma'a zan miƙa makulli in shigo jirgin ruwan ƙarfe huɗu. Ka tarye ni a gaɓa, amma kada ka kuskura ka zo mini da fuskar ta'aziyya.

Ka huta lafiya. Matarka,
Gunnel