Ranka Ya Daɗe, Yanzu Ni Ɗan Wace Jam'iyya Ne?

Zuwa ga Mai Girma Ɗan Majalisarmu na Jiha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka, sunana Sa'idu Ɗan'azumi, manomi ne ni a wani ƙauye na yankin Shanono. Kaina ne ya ɗaure, shi ya sa na rubuto maka a fili.

Na farko. A zaɓen da ya wuce, ni na yi maka yawo gida-gida a unguwarmu. Ƙanina Hamisu, uwa ɗaya uba ɗaya, yana ɗaya jam'iyyar. Abin ya kai mu ga cacar baki a ƙofar masallaci, har ya ƙi zuwa sunan ɗana. Gonarmu ta gado da muke nomawa tare, sai da muka ja mata iyaka a tsakiya.

Na biyu. Ba a daɗe ba muka ji a rediyo ka koma jam'iyyar su Hamisu. Ba mu gama mamaki ba, sai ubangidan Hamisu, wanda ka kayar, ya dawo tamu. Da damina ta faɗi aka zo rabon taki, na je wajen mutanenka, suka ce ai ni ɗan tsohuwar jam'iyya ne. Na koma tsohuwar, suka ce ni yaronka ne. Haka aka yi wa Hamisu. A hanya muka haɗu, kowa yana tura kekensa ba buhu, ba wanda ya iya duban ɗan'uwansa. Bana masararmu ko gwiwa ba ta kai ba ta yi rawaya.

Na uku shi ne abin da na kasa ganewa. A takardar ƙuri'a jam'iyyu rututu, amma in an zo ƙirge, biyu ake yi. Wani malamin gona ya taɓa fitowa a ƙaramar jam'iyya. Kowa ya shaidi gaskiyarsa, kuma kowa ya ce ba zai kai labari ba, kada a yi asarar ƙuri'a. To da duk mun ba shi fa? Masu ilimi sun ce biyun ya fi, ɗaya tana mulki, ɗaya tana sa mata ido. Na yarda da haka a da. Amma idan mai mulkin da mai sa idon suna musayar riga, wa yake kallon wa? Ko kuwa ni ne ban gane ba?

Roƙona, ranka ya daɗe, a riƙa raba taki bisa gona, ba a tambayi katin jam'iyya ba. Sannan ka tako ƙauyenmu da kanka, ka faɗa mana abin da ya raba jam'iyyun nan biyu. Innarmu ta tsufa, ta ce ranar Juma'a za ta zaunar da ni da Hamisu ta ji a kan me muka ɓata. Wallahi ban san amsar da zan ba ta ba.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka.

Wassalam.

Naka,
Sa'idu Ɗan'azumi